Jajayen Taragun Holiwud Da Samarin Da Su Ka Ƙwato Su Daga Bola

Mai karatu, idan ka na cikin waɗanda su ka yi zamanin kaset ɗin bidiyo, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wani fim na Amurka mai suna Who Framed Roger Rabbit ba, wanda ya fito a cikin 1988. Shi ne fim ɗin nan da aka haɗa mutane na gaske da 'yan katun a sin ɗaya, inda marigayi Bob Hoskins ya fito a matsayin mai bincike, mashayi, wanda ya ke ta faɗi-tashin wanke wani zomo daga zargin kisan kai. Da mu na yara zomon mu ke wa dariya. To amma ka sake kallon fim ɗin yanzu da girman ka, ka kasa kunne ga abin da bos ɗin ya ke faɗa a ƙarshe. Za ka ji ashe duk makircin a kan hanyar mota aka ƙulla shi. Mutumin ya saye kamfanin jiragen lantarki na birnin Los Anjalis ne don ya rushe shi, jama'a su rasa abin hawa, dole su koma wa motoci a sabuwar babbar hanyar da za a shimfiɗa.

Zomon ƙirƙira ne, bos ɗin ma ƙirƙira ne. Jiragen kuwa an yi su, an kuma rushe su. Tarihin su na ke so mu ɗan tattauna a wannan watan, musamman yadda aka yi wasu daga cikin su su ka tsira har yau ana hawan su.

Bari mu fara da fayyace ko wane irin jirgi ake nufi, domin ba irin wanda mu ka saba gani ba ne mai kai a gaba da jerin taragu a baya. Wannan tarago guda ne mai tuƙa kan sa. Injinan sa na lantarki su na maƙale a ƙarƙashin sa, tsakanin ƙafafun ƙarfe. A bisa rufin sa akwai wata doguwar sanda da ke tokare da wayar da aka ja a sama, ta nan ya ke shan wuta, wutar ta bi ta injin, ta koma ta cikin ƙarfen dogo. A cikin gari a tsakiyar titi ya ke tafiya tare da motoci da masu keke. Duk wanda ya kalli fim ɗin Kahaani na Vidya Balan ya ga irin sa ya na ratsa titunan Kalkata. Wani Ba'amurke mai suna Frank Sprague ne ya nuna wa duniya cewa tsarin zai yi aiki sosai, a birnin Richmond a cikin 1888, kuma kafin shekara ashirin kusan duk garin da ya amsa sunan sa a Amurka ya shimfiɗa nasa.

A Los Anjalis wani attajiri ne ya riƙe harkar, Henry Huntington. Ya sayi kamfanin taragun cikin gari a cikin 1898, waɗanda aka fi sani da fentin su na ruwan ɗorawa. A cikin 1901 kuma ya kafa kamfanin Pacific Electric, mai jajayen taragu manya da ke fita wajen gari. Layin sa na zuwa Long Beach a bakin teku ya fara aiki ran 4 ga Yuli, 1902. Kada ka ɗauka mutumin nan da kuɗin tikiti ya dogara. Dabarar sa ita ce ya saye gonaki da fegi a daji da arha, ya ja dogo ya kai wurin, sannan ya yanka filaye ya sayar da tsada. Tarago ya yi riba ko ya faɗi, shi dai ya riga ya ci tasa a ƙasa. Ka riƙe wannan, don za mu dawo kan sa. A cikin 1911 kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya karɓi jajayen, Huntington ya ci gaba da riƙe na cikin gari. Zuwa shekarun 1920 dogon jajayen taragun ya haura mil 1,000, kuma ana lissafa shi a matsayin mafi girma irin sa a duniya.

Lokacin ne kuma masana'antar fim ta Holiwud ta ke tasowa, saboda haka taragun su ka shiga kyamara tun ana yin fim ba magana. A Girl Shy na 1924 Harold Lloyd ya sace tarago ya na sauri ya hana a ɗaura wa budurwar sa aure, har ya ƙare ya na lilo a jikin sandar nan ta kan rufi. A Hog Wild na 1930 motar Laurel da Hardy ta shiga tsakanin taragu biyu su ka matse ta kamar gwangwanin madara. Da kamfanin cikin gari ya kawo sabon samfuri mai santsin jiki da tafiya ba ƙara a cikin 1937, yarinyar nan tauraruwa Shirley Temple aka ɗauko wajen bikin ƙaddamar da shi. Ma'aikatan sutudiyo da masu zuwa neman a saka su a fim ko da a cikin taron jama'a ne, da yawa a waɗannan taragun su ke zuwa aiki.

To me ya kashe su? A nan ne labarin fim ɗin zomo ya samo tushe, kuma a nan ne ya kamata mu yi adalci. Gaskiya ne akwai wani kamfani mai suna National City Lines, wanda kamfanin motoci na General Motors da na taya na Firestone da na mai na Standard Oil na Kalifoniya su ka zuba wa jari. Ya bi garuruwa ya na sayen kamfanonin tarago ya na mai da su na bas. A tsakiyar shekarun 1940 ya saye masu ruwan ɗorawa na Los Anjalis. A cikin 1949 kotu ta kama waɗannan kamfanoni da laifin haɗa baki don su mamaye cinikin bas da kayan sa. Ka san tarar da aka ci su? Dala 5,000 kowane kamfani, manyan jami'an kuma dala ɗai-ɗai! Wannan ko kuɗin shayin su bai kai ba.

Sai dai ni a gani na, ko da ba a yi wannan haɗin bakin ba, ciwon ajali ya riga ya kama taragun. Na farko dai wancan kamfani bai mallaki jajayen da aka nuna a fim ba. Na biyu, an gama sayar da filayen da su ne asalin ribar, aka bar dogo da taragu su na cin kuɗin gyara, hukuma kuma ta ɗaure kuɗin tikiti ba ta bari a ƙara yadda ya kamata. Na uku, mutanen da taragun su ka kai bayan gari su ka yi gidaje, su ne su ka sayi motoci su ka cika titi, tarago ya maƙale a cunkoso ba shi da ikon kaucewa ko da taku ɗaya. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗan farfaɗo da su saboda ƙarancin mai da taya, ana gama yaƙi aka koma gidan jiya. Layin da ke bi ta babban titin Holiwud ya tsaya a cikin 1954. Jan tarago na ƙarshe ya yi tafiyar sa daga Los Anjalis zuwa Long Beach a watan Afrilu na 1961. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe: masu ruwan ɗorawa su ka bi sahu a ƙarshen Maris na 1963.

Akwai wani hoto da aka ɗauka a cikin 1956 a filin 'yan gwangwan na tsibirin Terminal, kusa da tashar jiragen ruwa. In ka gan shi sai ka ji wani iri. An jibge jajayen taragun ɗaya bisa ɗaya, hawa-hawa, kamar an kasa itace, su na jiran wuta da guduma. Makomar yawancin su ke nan. Wasu an sayar wa Ajantina su ka ci gaba da ɗaukar fasinja a Buenos Aires. Sama da 100 na sabon samfurin nan na cikin gari an loda su a jirgin ruwa aka kai su Alƙahira, su ka ƙare rayuwar su a titunan Masar. A cikin 1958 an ma jefa shida na katako a teku daura da Redondo Beach, wai don kifi su samu wurin zama, cikin 'yan shekaru ruwa ya cinye su. Saura kuma an cire masu ƙafafu da injina aka sayar da gangar jikin: wannan ya zama ɗakin kwana, wancan shagon sayar da abinci, wani ma akurkin kaji.

Ana cikin wannan hali ne wasu samari, wasun su ko shekara ashirin ba su cika ba, su ka kafa ƙungiya a cikin 1956 da niyyar sayen taragun kafin a farfasa su. Sun ari sunan su, Orange Empire, daga wata tafiyar yawon buɗe ido da jajayen taragun su ka riƙa yi a da zuwa yankin gonakin lemo na Riverside da Redlands da San Bernardino. Ba su ne farau ba. Tun a cikin 1939 wasu samarin a jihar Maine su ka tara dala 150 su ka sayi tarago mai lamba 31 na garuruwan Biddeford da Saco, wanda ya zama harsashin gidan tarihin Seashore, na farko irin sa. Amma kowa da tasa wahalar, kuma ta 'yan Los Anjalis ta fi ban tausayi da ban dariya. Sun samu wurin ajiya a wani ɓangare na lambun Griffith da ake kira Travel Town, su ka fara tara kayan su. Tsugune ba ta ƙare ba, domin ba a jima ba aka sanar da su cewa sabuwar babbar hanyar mota za ta ratsa ta lambun, sai su san inda dare ya yi masu. Ka ji fa! Hanyar motar da ta kori taragun daga titi, ita ce ta biyo su har maɓoyar su.

Wurin da ƙarfin su ya kai su samu ya na can Perris, kimanin mil 70 kudu maso gabas da Los Anjalis, a wani tsohon zangon jirgi da ake kira Pinacate. Gonar dankali ce da aka bari, da wani ɗan tsohon gida da wani ɗakin dutse tun na shekarun 1880. Babu komai na jin daɗi. Abin da ya ja su shi ne arha, da kuma dogon kamfanin Santa Fe da ya wuce ta gefen filin. A cikin 1958 su ka tare.

Yanzu, mai karatu, ka tsaya ka yi tunanin yadda ake kwasar tarago. Ba mota ba ce da za a ɗaura mata igiya a ja. Ƙaramin na cikin gari ya na kai tan goma sha biyar zuwa ashirin. Manyan jajayen da su ka yi aiki na ƙarshe a layin Long Beach tsawon su ya haura ƙafa 70, nauyin su tan hamsin ko fiye. Kuma da zarar ka raba shi da wayar sama ya zama gawa, ba ya motsa kan sa.

Sannan ga matsalar faɗin dogo, wadda mu a nan za mu fi kowa saurin ganewa. Masu ruwan ɗorawa a kan dogo mai faɗin ƙafa uku da inci shida su ke tafiya, daidai da tsohon dogon mu da ya iso Kano a cikin 1911. Jajayen kuwa nasu ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi, irin na jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a cikin 2016. Kamar yadda taragon tsohon layi ba zai hau sabon ba, haka su ma. Jan tarago mai lafiyar ƙafafu da birki ana iya maƙala shi a bayan jirgin kaya a ja shi a kan dogo. Na cikin gari kuwa dole sai an ɗauke shi cak.

Ga yadda ake yi. A samo tirela mai ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa mata ƙarfen dogo a bayan ta, a haɗa wani gajeren dogo mai gangara daga ƙasa zuwa kan ta, a ɗaura wa taragon waya a ja shi a hankali da injin ja har ya hau. A danne ƙafafun da katako, a ɗaure da sarƙa. Kafin nan an kwance sandar kan rufi da duk wani abu da ya yi tsini, domin babban abokin gabar wannan tafiya gadar sama ce. Inci biyu kacal in ya ƙaru, rufin da ya shekara hamsin ya tafi. Don haka sai an bi hanyar tukuna an auna kowace gada da kowace kwana da kowace wayar da ta gitta titi, an kuma karɓi izinin hukuma. In taragon ya cika tsawo ko nauyi, sai a sa jak a ɗaga gangar jikin, a janye ƙafafun daga ƙarƙashi, kowanne ya tafi a motar sa. A nan ma akwai haɗari. Tarago na katako da ya tsufa, in aka tallafe shi ba a daidai inda aka gina shi ya zauna ba, sai ya lanƙwashe a tsakiya, tagogi su tsage, ƙofofi su ƙi rufuwa. Mafi wuya shi ne wanda aka mai da ɗaki ko akurki. Ya shekara talatin a ƙasa, gindin ya ruɓe, an fasa masa ƙofa a inda babu. Wani sai an gina masa keji na ƙarfe an tallabe shi kamar mai karaya kafin a taɓa shi.

Kai tarago Perris rabin aiki ne. Babu dogo a filin, sai da su ka shimfiɗa da hannun su, a ranakun hutu, da tsofaffin ƙarafa da aka tono daga layukan da aka rufe. Babu wuta irin wadda taragun ke sha, domin su wuta mai ƙarfin bolt 600 su ke so, mai gudu ta fuska ɗaya irin ta batir, wadda ta sha bamban da ta gidaje. Sai da aka kafa injin juya wuta, aka kakkafa falwaya, aka ja waya. Matsalar faɗin dogo kuma su ka warware ta da wata dabara mai kyau: su ka yi wani zagaye na rabin mil mai ƙarfe uku, ɗaya na tarayya, ɗaya na masu ruwan ɗorawa, ɗaya na jajaye. Ban da shi akwai miƙaƙƙen layi na kimanin mil ɗaya da rabi.

Sai rana. Yankin Perris busasshe ne mai zafi. Wannan ya rage masu tsatsa, amma rana ta na cin fenti, ta na tsaga katako, ta na ƙona rufin, wanda a tsofaffin taragu tamfol ne aka ja a kan katako aka shafe da fenti. Rufi na tsagewa, ruwan sama ɗaya ya isa ya shiga ya fara ruɓar da ginshiƙai. Shi ya sa masu wannan harka su ke cewa gina rumfa ya fi sayen sabon tarago muhimmanci, duk da cewa ba wanda ke zumuɗin ba da kuɗi don rumfa. Kayan gyara kuwa babu kantin da za ka je ka saya, kamfanonin da su ka ƙera su sun daɗe da rufewa. In injin ya ƙone sai mai rewaya ya kwance shi ya sake naɗa waya da hannu. In wani ƙarfe ya karye sai a sassaƙa irin sa da katako a kai wa masu zubi. Kujerun kaba sai an nemo mai saƙa. Kuma mutanen da su ka san aikin tun ya na aiki sun ƙare, sai abin da su ka koya wa na baya.

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a irin waɗannan gidaje. Wasu na cewa a ajiye tarago a rumfa kada a taɓa, domin duk ranar da ya yi tafiya wani abu na asali ya na gogewa, in kuma ka yi ta canza katako da ƙarfe wata rana za ka wayi gari ba abin da ya rage na da sai lambar. Wasu na cewa tarago da ba ya tafiya akwati ne kawai. Ni dai ina tare da na biyun, amma da sharaɗi. Ƙarar injin in ya ɗauki wuta, da bugun famfon iskar birki a ƙarƙashin ƙafar ka, da tartsatsin da sanda ke yi in ta tsallake mahaɗar waya, ba a ajiye su a cikin gilashi. Wanda ya rage shi kaɗai a duniya kuwa, wannan a lallaɓa shi, a fito da shi sau ɗaya ko biyu a shekara. Wanda ya taɓa tsayawa gaban kawunan jirgin ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a cikin 1957, da ke ajiye a gidan tarihi na Jos, ya san yadda ƙarfe ke yin shiru in ya daina motsi.

A hankali gonar dankali ta zama gari guda. A yau sunan wurin Southern California Railway Museum, kuma ya na da taragu da kawunan jirgi sama da 200. A can ne za ka ga mai lamba 3001, na farko a samfurin da Shirley Temple ta ƙaddamar. A can ne mai lamba 717 ya ke, ɗaya daga cikin waɗanda ake wa laƙabi da taragun Holiwud, irin wanda masu fim ɗin zomo su ka kwaikwaya, domin abin da ka gani a fim ɗin mota ce mai taya aka yi wa shigar tarago. Har baƙi akwai, ɗaya daga Kyoto ta Japan, ɗaya mai hawa biyu daga Howth ta ƙasar Ailan. A cikin 1992 Ward Kimball, ɗaya daga cikin manyan masu zanen katun na Walt Disney, wanda ya shimfiɗa dogo na gaske a bayan gidan sa, ya ba su kyautar kan jirgin sa mai suna Emma Nevada, ƙirar 1881. Masu shirya finafinan da su ka shafi zamanin da kuma nan su ke zuwa lokeshin. Wani abin da zai ba ka haushi ko dariya: a cikin 1990, bayan an kashe maƙudan kuɗi, aka buɗe sabon layin jirgin lantarki daga Los Anjalis zuwa Long Beach, mafi yawan sa a kan hanyar da aka rufe a 1961.

Amma a duk taragun nan, wanda labarin sa ya fi tsaya mani a rai shi ne mai suna Descanso, wato hutu da harshen Sifaniyanci. An ƙera shi a cikin 1909 don ɗaukar gawa. A wancan zamani hanyoyin zuwa maƙabartun bayan gari ba su da kyau, sai iyalan mamaci su yi shatar sa. Akwai wata 'yar ƙofa a gefen sa inda ake zura akwatin gawa, masu rakiya su zauna a ciki, ya bi dogo har bakin maƙabarta. Da motocin ɗaukar gawa su ka yawaita sai aikin sa ya ƙare. A cikin 1940 wata ƙungiya ta masu sha'awar jirage ta karɓe shi, ta haura da shi can ƙololuwar mashigin dutse na Cajon, ta girke shi a gefen dogon Santa Fe. Su ka mai da shi masauki, su na kwana a ciki su na kallon manyan jirage su na hawan dutse. Shekara 27 ya yi a wurin, cikin sanyi da iska. A cikin 1967 aka sake ɗaure shi a bayan mota, aka gangaro da shi aka kai shi Perris, inda daga baya aka gyara shi aka mai da shi kamannin sa na farko, har da 'yar ƙofar nan ta gefe.